BINDIGA A CIKIN FASAL: GARDAMAR DA TA TASO A AMURKA

Wata gardama ta taso a ƙasar Amurka wadda ya kamata masu karatun wannan shafi su ji labarinta, musamman waɗanda abincinsu yake a tashar mota da bakin tashar jiragen ruwa, inda kullum saƙo ke fita daga wannan hannu ya shiga wancan. Gardamar kuwa ita ce, shin ya halatta mutum ya naɗe ƙaramar bindiga, watau libarba ko fistol, ya kai gidan waya a auna, a manna kan sarki, a kai wa wani kamar yadda ake kai fasal ɗin takalmi?

Tun cikin 1927 majalisar dokokin Amurka ta ce a'a. A zamanin nan an hana sayar da giya a ƙasar, 'yan fasa-ƙwaurinta suna ta harbe-harbe a Shikago da sauran birane. Wasu jihohi, kamar New York wadda ta yi dokarta tun 1911, sun ce ba mai riƙe ƙaramar bindiga sai da izini. To, amma mutum yana zaune a ɗakinsa sai ya buɗe littafin tallar wani kanti na wata jiha, ya aika da kuɗi, ma'aikacin gidan waya na gwamnati ya kawo masa abin da jiharsa ta hana shi. Saboda haka aka haramta aika duk bindigar da za a iya ɓoyewa a jiki ta gidan waya, aka ware masu ƙera ta da dillalanta da wasu jami'an gwamnati. Doguwar bindiga irin ta farauta kuwa ba a taɓa ta ba.

Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin dokar ta ɗaure gidan waya kawai, ta bar kamfanonin dakon kaya suna cin karensu ba babbaka. A watan Maris na 1963 wani saurayi, Lee Harvey Oswald, ya karɓi bindigogi biyu a birnin Dallas da sunan ƙarya, wai shi A. Hidell. Doguwar ta fito daga wani kanti a Shikago, an biya dala 21 da 'yan kai, ta zo ta akwatin gidan waya. Ƙaramar, libarba ce ta dala 29.95 daga Los Angeles, ita kamfanin Railway Express ne ya ɗauko ta, tun da gidan waya ba ya karɓa. Ran 22 ga Nuwamba na wannan shekara, bisa binciken Kwamitin Warren, da doguwar aka harbe Shugaba Kennedy, kuma ba a cika awa ɗaya ba aka kashe ɗan sanda J. D. Tippit da ƙaramar. Masu kantunan nan biyu ba wanda ya taɓa ganin fuskar wanda ya sayar wa.

Duk da haka sai da aka ƙara shekara biyar, aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, sa'an nan majalisa ta motsa. Dokar da Shugaba Johnson ya sa wa hannu a watan Oktoba na shekarar ita ce ta gyara ɓarakar. Ta ce in ƙaramar bindiga za ta ƙetare iyakar jiha zuwa ga sabon mai ita, to, tilas ta sauka a shagon dillali mai lasisin gwamnatin tarayya a jihar mai sayen. Shi kuma ya zo da ƙafarsa, ya nuna katin shaida, ya cika takardar da ake kira fom 4473. Daga 1998 aka ƙara da cewa sai an bincika sunansa a rajistar hukumar FBI, a ga ko tsohon ɗan fursuna ne ko wanda kotu ta hana riƙe makami. An yi sassauci ga mai aika bindigarsa wurin masu ƙera ta don gyara, ana iya mayar masa da ita kai tsaye. An kuma hana kamfanin dako ya rubuta a bayan kwali cewa bindiga ce a ciki, don kada a yi wa ɓarawo nuni.

Me ya tayar da maganar yanzu? A 2021 da 2022 manyan kamfanonin dako biyu, FedEx da UPS, sun tsananta ƙa'idojinsu, suka daina karɓar bindiga sai daga masu lasisi waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da su. Sai mai bindigar halal ya tsinci kansa a tsaka mai wuya. Gidan waya ya ƙi shi, kamfani ya ƙi shi, ko gyara zai aika sai ya biya dillali ladan aikawa. Ƙungiyar masu bindiga ta Gun Owners of America ta kai ƙara kotu a 2025. A watan Janairu na 2026 kuma ofishin ba da shawara na Ma'aikatar Shari'a ya fitar da ra'ayi cewa dokar 1927 ta saɓa wa gyara na biyu na tsarin mulki, wanda ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Sun dogara da hukuncin Kotun Ƙoli na 2022, wanda ya ce duk dokar bindiga sai an samo mai kama da ita a tarihin ƙasar na da.

Gaskiya ita ce masu kukan suna da hujja, ba a raina ta ba. Mutumin da doka ta yarda ya mallaki abu, a hana shi kai shi gyara sai da ɗan tsakani, an matsa masa. Kuma abin dariya ne a ce gidan wayan da ke karɓar doguwar bindiga, irin wadda ta kashe shugaban ƙasa, shi ne ke gudun ƙaramar.

Amma wanda ya karanta labarin Oswald da idon basira zai ga cewa ba mai ɗaukar kaya ne matsalar ba, mai karɓa ne. In za a buɗe ƙofar gidan waya, a buɗe ta ta fuska ɗaya, watau fasal ya nufi shagon dillali ko masana'anta kaɗai. Haɗarin yana cikin jiha guda, domin dokar tarayya ba ta tilasta wa mutum biyu 'yan jiha ɗaya su bi ta hannun dillali ba, sai in jihar ce ta yi tata dokar, kuma da yawa ba su yi ba. Jihar Texas kaɗai ta kai kashi uku cikin huɗu na faɗin Nijeriya. Ashe ke nan mutum zai iya sayar wa wanda suka haɗu a intanet, mai nisan tafiyar yini, ya jefa a gidan waya, ba fuska, ba kati, ba bincike. An koma gidan jiya ke nan, 1963. Balle kuma a yi maganar kwalin da ake ajiyewa a bakin ƙofa, yaro ko ɓarawo ya riga mai shi ɗauka.

Kada kuma wani mai ɗan'uwa a can ya ji an ce an sassauta, ya ɗauka abin ya shafi nan. Fitar da bindiga daga Amurka sai da lasisin gwamnatinsu, kuma kotunansu sun sha ɗaure waɗanda suka cusa bindigogi cikin tsofaffin motoci da kwantena masu zuwa Afirka ta Yamma. A nan gida, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol a jerin haramtattun makamai, tare da bindigogin soja, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ce Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba lasisi. Wanda aka kama da ƙaramar bindiga ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

A Amurka kamfanin dako yana da lauyoyi da takardar yarjejeniya da sunan wanda ya kawo kaya. Direban da ke tashi daga Mile 12 ko Agege ko Sabon Ibadan zuwa Kano ba shi da ko ɗaya. Ana miƙo masa kwali ɗaure da igiya, a rubuta lambar waya a jiki, a ba ɗan kamasho nasa, shi ke nan. In an kwance a shingen Lokoja aka ga ƙarfe, mai saƙon ya kashe wayarsa, direba da yaron mota ne za su kwana a bayan kanta. Shugabannin tashoshi suna da ikon sa dokar a buɗe kowane saƙo a gaban mai shi, a rubuta sunansa a littafi kafin a ɗora a mota, kuma yin haka ba ya jiran majalisar kowace ƙasa.