Indiya Ta Fara Daga Caja

A watan Nuwamba na 2014 aka kashe injuna a masana'antar Nokia da ke Sriperumbudur, wani gari kusa da Chennai a kudancin Indiya. Tun 2006 take aiki, kuma a lokacin da take tashe, ma'aikata wajen dubu takwas ne ke cin abinci a cikinta, akasarinsu 'yan mata daga ƙauyukan jihar Tamil Nadu. Daga can ake lodin ƙananan Nokia masu ƙarko zuwa Gabas ta Tsakiya da Afirka. Ba rashin ciniki kaɗai ya kashe ta ba. Hukumar haraji ce ta ce kamfanin bai cire wa gwamnati haƙƙinta ba a kuɗin da yake tura wa uwar kamfani a Finland, aka ɗora hannu a kan kadarar, don haka da Microsoft ta zo sayen sashen wayar Nokia a wannan shekarar, sai ta tsallake masana'antar.

Bayan shekara goma, in ka cire Sin, babu ƙasar da ke haɗa wayar hannu kamar Indiya. Kusan duk wayar da ake sayarwa a kasuwanninta a gida aka haɗa ta, kuma a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2025 ta fitar da wayoyi na kimanin dala biliyan 24 zuwa waje, fiye da rabi iPhone ne. Jami'anmu a Nijeriya na son ambaton irin waɗannan alƙaluma a wajen taro. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga inda aka faro, da kuma abin da har yau bai samu ba.

Da farko dai Indiya ta bi hanyar da ta ɓulle da ita daji. A wajejen 2014 da 2015, kamfanonin gida irin su Micromax da Lava da Karbonn da Intex sun cika kasuwa. Micromax har ta yi kafaɗa da kafaɗa da Samsung, ta ɗauko tauraron fim Hugh Jackman yana yi mata talla. Jaridu suka yi ta kirari, wai ga 'yan ƙasa sun karɓe kasuwarsu. Alhali yawancin wayoyin nan a Sin ake zana su, a can ake ƙera su, a Indiya suna kawai ake bugawa a bayansu. Kamar mai saro atamfa ne a Kantin Kwari ya manna tambarinsa a jiki, sannan ya ce a kira shi masaƙi. A watan Satumba na 2016 kamfanin Jio na Mukesh Ambani ya fito da layin 4G zalla, kira kyauta, data kyauta na tsawon watanni. Miliyoyin mutane suka tashi neman wayar da za ta ɗauki wannan layi, shagunan kamfanonin gida kuwa cike da masu 3G. Su da ba su da injiniyoyin da za su sauya zane cikin gaggawa, sai suka tsaya jiran masu ƙera musu; masu ƙera musun kuma, da maƙwabtansu irin su Xiaomi da Oppo da Vivo, tuni sun shigo kasuwar da kansu. Kafin 2017 ta ƙare Xiaomi ta hau gaba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Gwamnati ta ɗauki wata hanya dabam, kuma a nan ne nake ganin hikimar take. Ba ta ce daga yau an hana shigo da waya ba. Ta fitar da jadawali ne, shekara bayan shekara, kowa ya san abin da ke tafe. Zangon farko aka ɗora haraji a kan caja da batir da abin sa wa a kunne. Na biyu, a kan murfi da maɓallai da makirufo da igiyar caji. Na uku, a kan injin wayar, wato allon nan da ake jera ƙananan na'urori a kai, da kuma kyamara. Sikirin, mai tsada da wahalar yi, aka bar shi can ƙarshe. Ita kuma wayar da ta shigo a haɗe cikin kwali, harajinta ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari a 2017 zuwa kashi 20 a farkon 2018. Lissafin ɗan kasuwa ya sauya nan take: shigo da sassa ka haɗa a Indiya ya fi arha a kan shigo da waya sukutum. A watan Yuli na 2018 Samsung ta buɗe faɗaɗɗiyar masana'antarta a birnin Noida, mai iya fitar da waya miliyan 120 a shekara. Ita ma tsohuwar harabar Nokia ta farfaɗo, kamfanin Salcomp ya karɓe ta. Me yake yi a ciki? Caja.

Haraji yana tsare kasuwar gida, amma ba ya sa kayanka su yi arha a waje. Don haka a 2020 aka ƙaro wani tsari: gwamnati ta ware kusan rupi biliyan 410, za ta riƙa biyan kamfani kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na ƙarin cinikin da ya yi da wayar da ya haɗa a Indiya, har shekara biyar. Sharaɗin a fili yake, sai ka zuba jari, ka ƙera, ka sayar, sannan ka zo da takardunka. Ba a raba kuɗin a ranar aza harsashi. Wannan, haɗe da yadda Amurka da Sin suka sa zare, shi ya jawo masu haɗa wa Apple waya irin su Foxconn da Pegatron suka faɗaɗa aiki, har kamfanin Tata ya sayi masana'antar Wistron a 2023 ya shiga sahu.

Ba kowa ya tafa ba. Raghuram Rajan, tsohon gwamnan babban bankin ƙasar, ya fito a 2023 yana tambaya: in an cire kuɗin sassan da ake shigowa da su, da tallafin da ake biya, da ribar da kamfanonin waje ke kwashewa, me ya rage? Tambayar tana da nauyi. Ƙwaƙwalwar wayar daga Taiwan ko Koriya ta Kudu take zuwa, sassa da yawa daga Sin, kuma abin da ake ƙarawa a Indiya bai kai rubu'in darajar wayar ba. Ministoci sun fusata da maganarsa, amma a 2025 gwamnatin da kanta ta amince da sabon tallafi na kimanin rupi biliyan 229 don ƙera sassa, wanda amsa ce a aikace cewa mutumin bai yi ƙarya ba. Ni dai ina ganin ya yi gaskiya a lissafi, ya yi gaggawa a hukunci. Yarinyar da ta koyi tsayuwa awa takwas a layin haɗa waya, da rigar da ke hana tartsatsin lantarki lalata sassa, tana ɗaure ƙusa da ido bai cika ganinta ba, ita ce gobe za ta zama mai duba inganci. Kuma mai yin sikirin ba zai kafa masana'anta a inda babu mai saye a kusa ba. Sai dai kada a manta ladan yarinyar nan kaɗan ne. A ƙarshen 2020 ma'aikatan Wistron a jihar Karnataka sun farfasa masana'anta a kan albashin da aka riƙe musu.

Duk wannan labarin wayar da ke hannu ne. Akwai rabin da mai waya ba ya gani: eriyar da ke saman turken sabis, akwatin da ke gindinsa, manyan na'urorin da ke rarraba kira, da kebul ɗin fayiba da ke binne a gefen titi. Nan ne ilimin yake, nan ne kuma Indiya ta fi shan wuya, duk da ta taɓa yin abin a zo a gani. A 1984 aka kafa cibiyar C-DOT ƙarƙashin Sam Pitroda, matasan injiniyoyinta suka zana ƙaramar na'urar rarraba kira ta ƙauye mai layi 128, wadda ke jure zafi da ƙura ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. Na Turai in babu sanyi sai su tsaya. Aka ba wa kamfanonin gida lasisin ƙera ta, ƙauyuka suka samu tarho. Amma da wayar salula ta zo a 1995, kamfanoni masu zaman kansu suka nufi Ericsson da Nokia da Motorola, daga baya Huawei da ZTE, masu ba da kaya bashi da dogon wa'adi. Indiya kuma ta sa hannu a yarjejeniyar cinikayya ta duniya da ta soke haraji a kan kayan fasahar sadarwa. Masu ƙera na gida suka rasa mai saye. Kamfanin gwamnati na ITI, wanda aka kafa tun 1948, ya yi shekaru yana tafka asara.

Sai bayan artabun sojojin Indiya da na Sin a kwarin Galwan a 2020 aka waiwayo. Aka bar Huawei da ZTE a waje a gwajin 5G, aka ware wani tallafi na rupi biliyan 122 don kayan turaku da makamantansu, aka kuma umarci BSNL, kamfanin sadarwa na gwamnati, kada ya sayi 4G sai na gida. Kamfanin TCS ya jagoranci kwangilar, C-DOT ta yi zuciyar tsarin, Tejas Networks na Bengaluru ya yi eriyoyi na turaku kusan dubu ɗari. An ƙaddamar da tsarin a Satumba na 2025, wato kusan shekara uku bayan Jio da Airtel sun fara sayar da 5G da kayan Ericsson da Nokia da Samsung. A tsawon wannan jira BSNL ya yi asarar masu layi da yawa. Tsadar koyo ke nan, kuma wani ne ya biya ta da saninsa.

To mu fa? Tun da aka yi gwanjon lasisin GSM a 2001, Nijeriya ke sayen kusan komai daga waje, daga turke har igiyar caji. Wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga yaro ya buɗe waya, ya kanga ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya hura mata iska mai zafi ya ɗaga wani ɗan mitsitsin abu daga inji ya maye shi da wani. Hannu akwai. Amma Indiya tana da mutum biliyan 1.4, shi ya sa Samsung ba ta iya juya mata baya. Mu da muke da miliyan ɗari biyu da ɗoriya, ƙarfin cinikinmu bai kai nata ba sai mun haɗa da maƙwabta. Kuma in muka kwaikwayi harajin kashi 20 alhali wutar ƙasa da ƙyar take wuce megawat dubu biyar, iyakoki kuma a buɗe, 'yan fasa-ƙwauri kawai za mu azurta. Mun ga yadda aka kwashe da shinkafa, ballantana abin da ke shiga aljihu.

Abin da ya dace da mu shi ne zangon farko na jadawalin Indiya, da kuma dabarar BSNL a kan kayan da ba su fi ƙarfinmu ba. Caja, igiya, ƙarfen turke, akwatin batir, kayan solar da za su rage wa turaku shan gas. Sai kebul ɗin fayiba, wanda kamfanin Coleman ya riga ya fara yi a jihar Ogun. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita dubu 90. Wannan oda ce da za ta iya riƙe masana'anta na shekaru, in an rubuta a takardar kwangila kason da dole a saya a gida, da gwajin ingancin da kebul ɗin zai tsallake, da shekarar da kason zai ƙaru.