Da Wane Jiki Za Mu Kai Shekara 65?

'Yan'uwa malamai, mun daɗe muna gwagwarmayar a tsawaita mana shekarun aiki, har a shekarar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malami shekara 65 da haihuwa, ko 40 a bakin aiki. Mun yi murna, kuma da hujja. Sai dai akwai tambayar da ba mu taɓa sanyawa a ajandar taron reshe ba: da wane jiki za mu kai wannan wa'adi?

Mu dubi yadda aikinmu yake tafiya. Sabon malami yini yake a tsaye gaban allo, yana zagaya aji. Da girma ya zo, sai a ba shi ofis da kujera. Hedimasta da mataimakinsa, akawu, jami'in jarrabawa, da waɗanda aka mayar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, duk zaune suke daga safe har azahar kan rajista da kwamfuta. Tafiyar da a da muke yi a ƙafa cikin Samaru, ko daga gida zuwa kasuwar Sabon Gari, yanzu acaɓa ya karɓe ta. Abincin kuwa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa: shayi mai kauri da burodi da safe, lemon kwalba a kowane taro, tuwo malmala biyu da dare.

Abin takaici, idan teɓa ta fito sai mu yi wa mai ita barka, mu ce ya samu wuri, ko Hajiya ta murje. Alhali kitsen da ke taruwa a ciki shi ne ke hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata, ya kuma ɗora wa zuciya da gwiwoyi nauyi. Daga nan ne ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suke samun ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai illa. Mu ba sai mun je nesa ba: sau nawa muka haɗa gudummawa don abokin aikin da aka kwantar a asibitin koyarwa na Shika? Albashin da ba ya kai ƙarshen wata ba zai ɗauki maganin da ake sha har abada ba.

Ba izgili muke wa kowa ba, domin akwai gado, akwai haihuwa, akwai tsadar da ke tilasta mana cika ciki da abin da ya sawwaƙa. Amma abin da ke hannunmu mu yi shi. Kowa ya yanki igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa saitin cibiya. In ba ta haɗu ba, lokacin ganin likita ya yi. Hukumar ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Zagayen azuzuwa da sauka daga abin hawa kafin a iso makaranta za su biya kaso mai yawa.

Ga shugabannin reshe kuma, buƙatunmu biyu ne. A sayi na'urar awon jini da sikeli daga asusun walwala, a riƙa awo a kowane taro. Sannan a maye gurbin lemon kwalba da ruwa, da zoɓo marar sukari, da 'ya'yan itatuwa.

Gemun 'yan'uwanmu da dama ya riga ya kama da wuta, lokaci ya yi da za mu shafa wa namu ruwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ci fanshonmu da ƙafafunmu.