Kwana 28 da yo-yon katako: Abin da boris ke ɓoye wa hannu

Duk Bahaushen da ka ce wa kana da "yoyo", rufin ɗakinka zai fara kallo, ko ya tambaye ka wane bokiti ne ya huje. To, wanda nake nufi abin wasa ne. Faifai biyu ne ƙanana da aka haɗa da 'yar sanda a tsakiya, a naɗe zare a jikin sandar, a saƙala bakin zaren a yatsa. Idan ka jefa shi sai ya gangara yana juyawa, ya sake hawo zaren ya dawo tafin hannunka. Yara sun san na roba mai walƙiya da ake kawowa kasuwa lokacin sallah.

A kan wannan abin na ɗaure kaina tsawon watan Fabrairun da ya wuce, a nan Malam Madori. Sharaɗin ɗaya ne: ba zan taɓa yo-yo mai boris ba, sai na katako mai kafaffiyar sanda. An yi mini dariya a majalisa, kuma ban ga laifin masu dariyar ba. Amma har yanzu ina ganin duk mai sana'ar hannu, ko mai koyonta, ya kamata ya taɓa yi wa kansa irin wannan takunkumi ko da sau ɗaya.

Sai na fara da bambancin kayan biyu, domin a nan maganar take.

Zaren yo-yo ba a ƙulle shi a jikin sandar tsakiya, zagaya shi ake yi kamar zarge. Shi ya sa idan ya kai ƙarshen zaren yake iya tsayawa yana juyawa a wuri ɗaya, abin da masu wasan ke kira "barci". Duk wata dabara da za ka nuna, cikin wannan barcin za ka yi ta. A yo-yon zamani, zaren yana zaune ne a kan boris, ƙanƙanin ɗan'uwan wanda bakanike ke sa wa ƙafar babur. Boris ne ke ɗaukar gogayyar, don haka abin yana iya yin mintuna yana juyawa. A na katako kuwa, zaren da sandar gaba da gaba suke. Kowane juyi gogayya ce, kuma a hannun ɗan koyo irina barcin bai fi 'yan daƙiƙu ba.

Asalin wasan na kafaffiyar sanda ne. Wani ɗan ƙasar Filifin mai suna Pedro Flores ya buɗe masana'antar yo-yo a Santa Barbara ta Amurka a 1928, ba a jima ba Donald Duncan ya saye kasuwancin ya baza shi. Gasar duniya da aka yi a Landan a 1932, yaro ɗan shekara 13 daga Kanada, Harvey Lowe, shi ya lashe ta, kuma a zamanin babu boris a wasan. Sai a 1990 wani likitan haƙori Ba'amurke, Tom Kuhn, ya fito da SB-2 na alminiyom mai boris, wanda ya karɓu a wurin masu wasa. Daga nan dabarun suka canza gaba ɗaya, har aka kai ga mafi yawan yo-yon gasa na yau ba sa dawowa idan ka fizgi zare, sai ka yi musu wani naɗi na musamman.

Duk da haka akwai waɗanda ke komawa baya da gangan. Wani gwanin wasan a Amurka, Ed Haponik, ya shafe shekarar 2012 cur da yo-yon katako guda ɗaya tak. Masu sha'awar wasan kuma sun mai da Fabrairu watan ajiye boris. A wurinsu na ari dabarar.

Ni dai ban shiga harkar da niyyar wani ƙalubale ba. Ɗan yayana na sayo wa mai boris a Kano, na ce bari in gwada masa, sai ga baffa ya ƙwace abin wasan yaro. Cikin mako biyu na iya dabaru uku ko huɗu, har ina jin kaina. Da ƙurar hunturu ta shiga boris ɗin ya fara ƙara kamar tsohuwar fanka, sai na ɗauki hoton na katako a waya na nufi wurin wani dattijon kafinta mai injin gurza ƙafar gado.

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai mazari ne aka yi masa kai biyu."

Na farkon da ya gurza mini da icen darbejiya rawa yake yi kamar mai jin sanyi, domin ɓari ɗaya ya fi ɗaya nauyi. A na biyu ya daidaita su, ya bar tsakanin faifan kamar kaurin tsinken ashana. Da shi na yi watan.

Ranar farko na gane cewa ban iya jifa ba. Duk abin da na ɗauka na iya, boris ne ke rufa mini asiri. Idan jifanka ya karkace kaɗan, mai boris yana da faɗin baki da tsawon numfashin da zai haƙura da kai. Na katako ba ya haƙuri. Zaren zai gogi gefen faifan, abin ya kwanta, ya mutu a ƙarshen zare yana lilo, kai kuma ka tsuguna kana naɗi da hannu yara suna kallonka.

Sai batun murɗin zare, wanda ban taɓa sanin da shi ba. Duk jifa ɗaya yana ƙara wa zaren murɗi ko ya rage masa. Idan ya yi tsauri, yo-yon ba zai yi barci ba, yana sauka zai dawo ya bugi ƙashin yatsanka. Idan ya yi sako-sako, ka yi ta fizga ba zai hawo ba. Babu ma'aunin da zai gaya maka inda daidai yake, yatsa ne ke sani. Zaren roba kuma ba ya jure zafin gogayyar, narkewa yake yi ya tsinke. Na auduga ya fi, shi ma yakan yi ƙaurin ƙuna kafin ya rabu biyu. A makon farko na tsinka zare fiye da yadda zan iya ƙirgawa, sau ɗaya ma abin ya tashi ya faɗa cikin kwanon miya, maganar da har yau ba ta mutu a gidanmu ba.

Wajen mako na uku wani abu ya sauya. Na daina kallon yo-yon, na koma jin sa. Akwai wani sauti siriri da katako ke yi idan jifan ya miƙe, da wani ɗan kaɗawa da ke biyo zare ya gaya maka saura ƙiris ya mutu. Na kuma daina ƙoƙarin tilasta masa dogon barci. Masu irin wannan wasa suna da dabarun da ake yi a daidai lokacin da abin ya tsaya cak a kan zare, a juya shi, a sake sakinsa. Ƙarancin numfashin nasa shi ya haifar da su, kuma da wuya mai boris ya yi su da kyau.

A nan maganar kafinta ta dawo mini. Kakanninmu mata da ke kaɗi ba su da komai sai tsinke da dunƙulen laka a gindinsa, da ɗan alli a yatsa. Murzawa ɗaya, mazari ya yi ta juyawa, hannu ɗaya yana jan auduga, kuma kaurin zaren bai canzawa daga farko har ƙarshe. Babu wani ƙarfe a jikin mazari da zai gyara kuskure. Duk gwanintar tana cikin yatsu. Mu ma da muka taso muna murza katantanwa a kan rairayi, mun san wanda ya iya da wanda bai iya ba tun daga murzawar farko.

Yanzu ga hujjar da ta fi kowacce ƙarfi a kaina, kuma daga bakin abokina ta fito, manomin rani ne a fadamar Haɗejiya. Ya ce, "Malam, wannan wasan ƙoshi ne. Wanda ya zaɓi wahala don nishaɗi bai san ta ba. Zo in ba ka jigo ka yi wata guda kana ban ruwa da shi, in ya so ka rubuta mana abin da ka koya."

Gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai injin ban ruwa da lissafin kowace lita yake kwana. Wanda injinsa ya tsaya ya koma ɗibar ruwa da hannu ba darasi yake ɗauka ba, asara yake yi. Garin nan ma da kansa shaida ne. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 shi ya ratsa ta nan ya raya kasuwar gyaɗa, kuma babu wanda ya ce a bar jirgi a ci gaba da jaki don jaki ya fi koyar da haƙuri. Ina jin haushin masu zama cikin sanyin ofis suna yabon "rayuwar gargajiya" da ba za su iya kwana biyu a cikinta ba, kuma ba na so a lissafa ni cikinsu.

Inda muka rabu da abokina shi ne, ni na san ranar da zan daina, kuma abincin gidana bai rataya a kan zaren ba. Wannan ne ya sa wahalar ta zama makaranta. Ba cewa nake a jefar da boris ba. Cewa nake mai koyo ya san wane ɓangare na aikin nasa ne, wane ne na na'ura, tun kafin ranar da na'urar za ta ƙi. A wurinmu kuwa ranar ba ta da nisa: wuta za ta ɗauke, ƙura za ta shiga, kayan gyara sai an aika Kano.

Na ga misalinsa a sana'ata. Shekaru ina naɗar hira da waya, har na daina saurare da kyau, domin na san zan sake ji a gida. Ranar da caji ya ƙare mini a tsakiyar hira da wani dillalin riɗi, na dawo da rabin shafi da ba shi da kai ba shi da gindi. Tun bayan watan yo-yo, nakan ware hira ɗaya a mako in yi ta da biro da takarda kawai. Tela mai keken lantarki, da ɗalibin da ba ya haɗa lamba biyu sai da waya, kowa ya san nasa boris ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Muna saya musu kayan wasan da ke yin komai da kansu, a danna su yi kuka, a danna su yi gudu, batir ya ƙare a jefar. Yaron da ya ƙera motar kara ko ta langa-langa ya san dalilin da ya sa ƙafa ɗaya ke karkacewa, domin shi ya karkatar da ita. Ba na cewa a hana su na kanti. Amma kafintoci da masassaƙa suna nan a kowace unguwa, guntayen katakon da suke zubarwa sun isa, kuma kuɗin gurza faifai biyu bai kai na katin waya na mako ba.

Ranar 1 ga Maris na wanke boris ɗin na ɗauki tsohon yo-yona. Jifan farko ya sauka a miƙe, ya yi ta juyawa har na gaji da jira. Dabarar da ta gagare ni a Janairu ta zo a gwaji na biyu.

Na katakon kuwa ya bar hannuna. Ɗan yayana ya karɓe shi a madadin nasa da na riƙe, ya ce, "Baffa, ai an yi musaya." Kafintan ya gaya mini yara uku sun zo da guntayen katako suna neman irinsa. Matsalarsu yanzu zare ce, domin na ɗinki ba ya kwana. Jiya na tarar da yaron a ɗakin kakarsa, ta ɗora zaren auduga a cinya tana nuna masa yadda ake murza shi biyu.