Guzurin Turai da cikin ɗan Kaduna

Duk wanda zai tafi Turai daga Kaduna, karatu ko aiki, sai ya bi ta Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko ta Kawo ya cika jaka da kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji. Wannan ba laifi. Kilishi ne dai asarar kuɗi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga ƙasashen waje, Ingila ma haka, kuma jami'an kwastan ba su san "tsaraba ce" ba. Busasshen wakenmu kuwa tun 2015 aka hana shigar da shi Tarayyar, saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da ke ba ni takaici shi ne wanda zai yi shekara da shekaru a can, ya san duk shagunan 'yan Najeriya da ke Peckham a Landan, amma bai taɓa zama ya ci abin da maƙwabcinsa ke ci ba. Hujjarsa kullum halal. To, a Berlin mahautan Turkawa sun cika unguwar Kreuzberg, a Marseille kuma na 'yan Aljeriya da Maroko ba sa ƙirguwa. Tambaya kawai ake yi. Ga kifi, ga ganye. A arewacin Italiya suna tuƙa garin masara su kira shi polenta, wanda ɗan Unguwar Rimi zai gane tuwo ne tun daga bakin ƙofa, sai dai su da cuku suke haɗawa. A Trapani ta Sisili kuskus suke ci da romon kifi, kuma wannan kam ya cancanci kuɗin jirgi.