Gayya a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bangi, hedkwatar ƙaramar hukumar Mariga ta masarautar Kwantagora, ba sai an gaya masa abin da ake kira gayya ba. Mai gona yakan raba goro tun da sauran kwanaki, in ranar ta zo kuwa sai samari su hallara da sassafe, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, makaɗi na biye da su da gangar noma. Gonar da mutum guda zai yi mako biyu yana fama da ita, sai ga shi an tashe ta kafin rana ta karkata. Amma dattawan da suka ga jiya suka ga yau sun san yawan hannu kaɗai ba ya nome gona. Dole a sami wani babba ya tsaya a bakin gona ya raba kunyoyi, ya ce wane ga taka, wane ga taka, sa'an nan ya bi baya yana duba abin da aka yi. Ranar da aka rasa irin wannan mutum, sai biyu su yi karo a kunya ɗaya, wata kunyar a tsallake ta, wani kuma garin neman yabon makaɗi ya sare dawa ya bar ciyawa.

Wannan darasi na bakin gona shi ne yau yake gaban samarin da suka kama sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna suka koya, ko kuwa a ɗaki suka koya wa kansu da tsohuwar kwamfuta. Kafin a kai ga maganar gayyarsu, ya kamata mai karatu ya san irin gonar da suke nomawa.

Manhaja dai rubutu ce, umarni ne layi-layi da ake jera wa kwamfuta, wani lokaci dubbai, wani lokaci miliyoyi. Kullum ana yi wa rubutun nan ƙari da ragi, kuma sau da yawa mutane da dama ke sa hannu a ciki. Saboda haka aka ƙirƙiro wata manhaja ta daban wadda aikinta shi ne na magatakarda, wato ta rubuta wane ne ya sauya wane layi, yaushe, kuma don me, ta yadda in gyaran yau ya zama ɓarna za a iya komawa ga rubutun jiya. Wurin da ake tara aiki guda tare da tarihin sauye-sauyensa duka, shi za a iya kira rumbu.

Magatakardan farko da ya yi suna shi ne SCCS, wanda Marc Rochkind ya rubuta a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1972. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. Halinsu ɗaya ne: wanda zai gyara takarda sai ya sa mata kwaɗo, kowa ya jira har ya gama ya buɗe. Wani malamin jami'a a ƙasar Holan, Dick Grune, ya ga jiran nan ba zai fisshe shi ba, domin da ɗalibai biyu yake aiki, ɗaya yana zuwa da rana kan ƙa'ida, ɗaya ba shi da tsayayyen lokaci, shi kuwa malamin sai da yamma yake samun sarari. Sai ya rubuta waɗansu gajerun umarni da ke juya RCS a madadinsu, yadda kowa zai yi gyaransa lokacin da ya ga dama, daga baya a haɗa. Ya sake su ga jama'a a 1986, su ne suka zama CVS, wanda duniya ta yi shekaru tana aiki da shi. Irin waɗannan gajerun umarni da mutum kan rubuta don su yi masa zirga-zirga tsakaninsa da magatakarda, su ne 'yan aike.

Yau magatakardan da ya mamaye sana'ar shi ne Git. Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan wanda ya fara Linux, shi ya rubuta shi a watan Afrilu na 2005, bayan da kamfanin da ke da BitKeeper ya janye izinin da ya ba masu aikin Linux na yin amfani da shi kyauta. A cikin Git kowane ma'aikaci yana da cikakken rumbu a kwamfutarsa, don haka saurayin da ke zaune a Bangi zai iya yin aikin mako guda ba tare da intanet ba, ranar da ya sami layi mai kyau ya tura gaba ɗaya. Bugu da ƙari an gina shi ne da ƙananan umarni, kowanne da aikinsa guda, don mutum ya iya harhaɗa su ya ƙera wa kansa 'yan aike.

Bukatar ɗan aike tana tsananta ne in rumbuna suka yi yawa. Manhajar Android, wadda ke cikin mafi yawan manyan wayoyin da ke hannun jama'a a Nijeriya, an rarraba rubutunta a ɗaruruwan rumbuna, har sai da kamfanin Google ya rubuta wani ɗan aike mai suna repo musamman don ya riƙa zagaya su. A ƙaddara mutum yana da rumbu 200, kowanne yana cin rabin minti kafin a ɗauko sabon abin da ke cikinsa. In ya bi su ɗaya bayan ɗaya minti 100 ke nan, alhali mafi yawan lokacin kwamfutar zaune take tana jiran amsa daga nesa. To, kwamfutocin zamani suna da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, huɗu ko takwas ko ma fiye. In ɗan aiken ya kira gayya ya tura ma'aikata takwas a lokaci guda, aikin zai iya ƙarewa cikin kamar minti 13. Akwai kayan da aka tanada don wannan rabo, kamar xargs wanda ya daɗe a cikin Unix, da GNU parallel na Ole Tange, mutumin Denmak, wanda ya shiga jerin kayan GNU a 2010.

Sai dai kuma gayya tana da iyaka. A 1967 wani injiniya Ba'amurke, Gene Amdahl, ya nuna cewa kowane aiki yana da ɓangaren da ba ya rabuwa, kuma wannan ɓangaren shi ke yanke iyakar sauri. In kashi ɗaya cikin goma na aiki dole ne a yi shi bi da bi, ko ma'aikaci dubu aka tara saurin ba zai wuce ninki goma ba. Manomi ya riga shi sani, gama mutum hamsin na iya yankan dawa tare, amma bakin rumbu ɗaya ne, dami ɗai-ɗai ake miƙa wa wanda ke ciki. Shi ma Git haka yake. In zai sauya jerin abubuwan da ke shirin shiga tarihi, yakan ajiye wata 'yar alama mai suna index.lock a matsayin kwaɗo, duk wanda ya zo ya tarar da ita sai ya koma. Wanda kuma layinsa na intanet siriri ne, in ya tura ma'aikata hamsin a kai sai kowa ya tsaya cak, don dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Abin da ya fi jinkiri muni shi ne ɓarna, kuma shekarar 2013 ta ba masu sana'ar darasi har biyu. A watan Maris babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbunan ƙungiyar KDE, kimanin 1,500, ta sami lalacewa a ma'ajiyarta. Ƙungiyar tana da waɗansu kwamfutoci da aka ɗora wa ɗan aike don su riƙa kwafo duk abin da ke cikin babbar. Ɗan aiken ya yi aikinsa ba tambaya, ya kwafo ɓarnar ya shimfiɗa ta a inda lafiyayyun kwafi suke. Abin da ya cece su shi ne wata kwamfuta guda da ba ta sami yin kwafin ba a lokacin. A watan Nuwamba kuma wani ma'aikaci ya kunna wani abin kwafi bai daidaita shi ba, ya danna tsofaffin kwafi da ƙarfi a kan rumbuna fiye da 150 na aikin Jenkins da ke GitHub, ya mai da tarihinsu baya, sai da ma'aikatan GitHub suka sa hannu kafin a maido da su. Mai aiki da hannu in ya ɓata rumbu ɗaya yakan ankara ya tsaya. Ɗan aike mai gayya kuwa yakan ɓata ɗari kafin ubangidansa ya ƙifta ido.

Saboda haka wanda zai rubuta ɗan aike, aikin babban nan na bakin gona ya ɗauka, kuma ga abin da ƙwararru suka saba kiyayewa. Na farko, rumbu ɗaya ma'aikaci ɗaya, kada a taɓa tura biyu wuri guda. Na biyu, a ƙayyade yawan ma'aikata da wata lamba da mai aiki zai iya ragewa ko ƙarawa gwargwadon ƙarfin kwamfutarsa da layinsa. Na uku, a koya wa ɗan aiken ya iya faɗin abin da zai yi ba tare da ya yi ba, a karanta, a gwada shi a rumbu ɗaya, kana a sake shi ga sauran. Na huɗu, kowane ma'aikaci ya kawo rahotonsa daban, domin takwas in suna magana lokaci guda ba a jin ko ɗaya. Kowane umarni in ya gama yakan bar lamba, sifiri in an gama lafiya, wata lambar in an sami cikas, kuma wajibin ɗan aike ne ya tattara su ya ce rumbu kaza an gama, kaza sun gagara, ga sunayensu. Ɗan aiken da ke haɗiye kuskure ya ce komai lafiya, gwamma babu shi.

Na biyar, a gina shi yadda in an ɗauke wuta a tsakiyar aiki za a iya sake kunna shi ba tare da ya maimaita abin da ya riga ya yi ba, abin da ba sai an yi wa mazaunin Nijeriya dogon bayani a kansa ba. Na shida, a bambanta ɗaukowa da turawa. Ɗaukowa ba ta taɓa rumbun jama'a, ana iya yi mata gayya, amma turawa tana taɓa dukiyar kowa, sai a yi ta a hankali, dannawa da ƙarfi kuwa kada a bar wa ɗan aike ita sai da izini na musamman. A kuma ajiye wani kwafi a gefe inda hannun ɗan aiken ba ya kaiwa.

Maganar ta shafi Bahaushe kai tsaye, domin harshen Hausa da kansa ya shiga waɗannan rumbuna. Ƙungiyar Masakhane, wadda masanan Afirka suka kafa a 2019, a GitHub take tara aikinta, haka ma HausaNLP. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga cikin Hausa, da Ibo, da Yarabanci, da kuma ƙasa da haka a Pijin. Da irin wannan tari ake koya wa kwamfuta harshe, kuma kafin a koya mata sai an tura 'yan aike sun share rubutun. To, a ƙaddara wani wanda bai san Hausa ba ya umarci ɗan aike ya cire kowace ƙugiya da kowane ɗan waƙafi na sama don rubutu ya daidaita. Nan take 'ya'ya za su koma yaya, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa, a takardu dubbai cikin minti kaɗan, kwamfuta kuma ta haddace kuskuren ta riƙa mayar wa jama'a da shi. Mai jin harshen ne kaɗai zai gane ɓarnar tun a gwajin farko, tarihin da magatakarda ya ajiye kuma shi zai ba da damar komawa baya.

Nan ne ƙofa take a buɗe ga samarin Bangi da Kwantagora da sauran garuruwan ƙasar Hausa. Ɗan aike mai kyau sau da yawa bai wuce layi hamsin ko ɗari ba, Git kuwa kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa. Mai koyo ya fara da rumbu biyu ko uku na kansa, ya ɓata su da gangan ya gyara, har hannunsa ya faɗa, kafin ya kira gayya a kan gonar jama'a. In ya kira ta kuwa, ya tuna shi ne babban da ke bakin gona, kuma kunyar da aka tsallake shi za a tambaya.