Tamaula a Ƙasar da Ake Buga Ƙwallo da Hannu



A birnin Portland na jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, akwai wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna Timbers. A bayan raga ɗaya ta filinsu ana ajiye wani ƙaton gungumen icce. Duk sa'ad da ƙungiyar ta zura ƙwallo, sai wani ƙaƙƙarfan mutum sanye da hular kwano ya tayar da injin zarto, ya yanko faifai guda daga jikin gungumen, ya ɗaga shi sama, filin ya kaure da sowa. Bayan an tashi, a miƙa wa wanda ya ci ƙwallon faifansa ya tafi da shi gida. Yankin nan na masu sana'ar katako ne tun kaka da kakanni, shi ya sa suka ɗauko sana'ar garinsu suka kawo ta bakin raga. Magoya bayan da ke wannan ɓangare kuwa a tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe, da ganga da tutoci, bakinsu ba ya hutawa.

Na fara da wannan ne saboda wata magana da muka daɗe muna maimaitawa a gidajen kallo da teburan mai shayi, wai Amurkawa ba su san ƙwallo ba. A da akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Abin da su suke kira ƙwallon ƙafa wani wasa ne daban, mai kama da zari-ruga, wanda ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, ana sanye da sulke kamar dakarun lifidi. Shi ne sarkin wasanninsu, kuma wasansa na ƙarshe, Super Bowl, yana tara masu kallo fiye da miliyan 100 a talabijin. Bayansa ga ƙwallon kwando, ga besbol. Tamaular da duniya ta sani ta daɗe a matsayin agola a wannan gida. To amma yau maganar ta tsufa, kuma yadda aka yi ta tsufa shi ne abin da ya kamata mu tsaya a kai.

Tarihi ya nuna ba baƙi ba ne a fagen. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta farko a Uruguay a 1930, kuma a 1950 suka doke Ingila da ci ɗaya mai ban haushi a Brazil, ta hannun Joe Gaetjens, haifaffen Haiti. Sai dai a gida kusan babu wanda ya kula. Daga baya masu kuɗi suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su sayo suna. A 1975 ƙungiyar New York Cosmos ta ɗauko Pele, bayansa Franz Beckenbauer ya biyo. Filaye suka cika maƙil na 'yan shekaru. Pele ya yi ritaya a 1977, daga bisani kasuwa ta fara ja da baya, bashi ya yi wa ƙungiyoyi katutu, zuwa ƙarshen kakar 1984 gasar gaba ɗaya ta ruguje. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Amma a daidai lokacin da manya ke ƙirga asara, wani abu yana tsirowa a ƙasa ba tare da hayaniya ba. Iyaye a unguwannin bayan gari sun gano cewa tamaula wasa ce da yaro ƙarami zai iya, ba ta buƙatar tsawo ko ƙiba, kuma ba a karya ƙashi kamar a wancan nasu. Safiyar Asabar sai ka ga uwa ta ciko mota da yara, ta kawo kujerar zama mai naɗewa da ruwan sha da yankakken lemo, ta zauna bakin fili tana tafi, alhali ita kanta ba ta san abin da ake nufi da satar gida ba. Yaran da aka yi wa tafi a shekarun 1980 da 1990 su ne magidantan da ke sayen tikiti a yau. Sun buga wasan da ƙafarsu, don haka babu mai buƙatar yi musu bayaninsa.

Sannan ga mata, waɗanda a ganina su ne suka fara koya wa Amurka daɗin cin kofi a wannan wasa. A 1972 aka kafa wata doka da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fannin wasanni. Jami'o'i suka shiga kafa ƙungiyoyin mata, suna ba 'yan wasa gurbin karatu kyauta. Yarinyar da ta iya taka leda ta samu hanyar shiga jami'a ba tare da iyayenta sun ci bashi ba. Sakamakon bai ɓuya ba: matan Amurka sun ɗauki kofin duniya a 1991 da 1999 da 2015 da 2019. Wasan ƙarshe na 1999 da suka buga da Sin a filin Rose Bowl na California ya tara mutum fiye da dubu 90, kuma da Brandi Chastain ta ci bugun fanaretin ƙarshe, ƙasar gaba ɗaya ta san sunanta da na abokiyar wasanta Mia Hamm. Yau gasarsu ta mata tana jawo gwanaye daga nahiyarmu. Asisat Oshoala ta koma can a 2024, haka Barbra Banda ta Zambiya da Temwa Chawinga ta Malawi.

Mu kanmu muna da rabo a wannan labari. Wanda ya kai shekaru zai tuna daren nan na Yunin 1994 da muka hana ido barci, Najeriya na buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya, a birnin Dallas, Rashidi Yekini ya zura wa Bulgeriya ƙwallo ya shige cikin raga ya riƙe ta yana kuka. Shekara biyu bayan nan, a jihar Georgia, su Kanu da Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal suka kawar da Brazil da Ajantina suka ɗauko zinaren Olamfik. A ƙasar Amurka aka yi duka. Gasar ta 1994 ta tara 'yan kallo fiye da miliyan uku da rabi, abin da ya ba masu cewa filaye za su zama fayau mamaki. Kuma sharaɗin da FIFA ta gindaya kafin ta ba su masaukin shi ne su kafa gasar ƙwararru ta cikin gida. Haka aka haifi MLS a 1996, da ƙungiyoyi goma.

Farkonta bai yi armashi ba. Shugabanninta sun ɗauka Ba'amurke ba zai iya jure kunnen doki ba, sai suka ƙirƙiro wani irin bugun raba gardama a duk wasan da aka tashi canjaras, suka kuma sa agogo yana ƙirgawa da baya kamar a ƙwallon kwando. Masu son wasan na asali suka ji an raina musu hankali, waɗanda ake son jawowa kuma ba su zo ba. An yi ba wan ba ƙanen. Bayan kakar 1999 aka watsar da wannan bidi'a, a farkon 2002 kuma aka rufe ƙungiyoyi biyu na jihar Florida don a tsira da sauran. Abin da ya ceci gasar shi ne komawa kan wasan yadda duniya ke yinsa, da kuma gina filaye madaidaita na tamaula zalla, maimakon aron manyan filayen da mutum dubu 15 ke ɓacewa a cikinsu kamar allura a rairayi. Na farkon irinsu a gasar an buɗe shi a Columbus ta jihar Ohio a 1999. Ku riƙe sunan garin nan, zan dawo kansa.

David Beckham ya iso Los Angeles a 2007, Lionel Messi ya sauka Miami a 2023 ya kuma ci bugun tazara a minti na ƙarshe na wasansa na farko. Kowa ya san wannan. Abin da ya bambanta zuwansu da na Pele shi ne sun tarar da gida a gine. Seattle, inda Obafemi Martins ya yi tashe, tana tara dubun-dubatar mutane tun 2009, kuma magoya bayanta kan yi jerin gwano da ƙafa daga tsakiyar gari zuwa fili kafin a take wasa. Atlanta ta tara fiye da dubu 73 a wasan ƙarshe na 2018, shekararta ta biyu kacal da shiga gasar. Daga ƙungiyoyi goma, MLS ta kai 30 a 2025.

Sai dai soyayyar Amurkawa ga tamaula a rarrabe take, kuma wanda ya auna ta da MLS kaɗai ya yi kuskuren mudu. Miliyoyin 'yan asalin Meziko da ke zaune a can zuciyarsu na wurin Club América da Chivas, kuma gasar Meziko ta daɗe tana cikin waɗanda aka fi kallo a talabijin ɗin ƙasar. Idan tawagar Meziko ta zo wasa Los Angeles ko Houston, sai ka rantse a gida take. Wasu kuma Ingila suka sa a gaba. Tun da tashar NBC ta fara nuna Firimiya a 2013, ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Asabar za ka tarar da wuraren cin abinci a New York cike da masu jajayen riguna, kofin shayi ko gahawa a hannu, ana gardama kan Arsenal da Liverpool. A California ma kafin asuba ake tashi. Wannan hali ba baƙonmu ba ne, domin mu ma mun san matashin da zai lissafa maka 'yan benci na Chelsea amma bai taɓa taka filin Sani Abacha ya ga Kano Pillars ba. Ita ma tawagar ƙasar ta maza hoton 'yan ci-rani ce: Yunus Musah ɗan mutanen Ghana ne, Folarin Balogun ɗan mutanen Najeriya, Tim Weah kuma ɗan George Weah na Laberiya.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Kano ko Damagaram ko Kumasi, yaro na buƙatar fili ne kawai da silifa biyu da zai kafa a matsayin raga. In babu ƙwallo a ɗaure tsumma. A Amurka kuwa, yaron da ke son a gan shi dole ya shiga kulob na kuɗi, iyayensa su biya dubban daloli a shekara, ban da kuɗin mota da na masauki in an je gasa wata jiha. Wasan da ya zama tsanin talaka a ko'ina cikin duniya, a can ya fi zama na 'ya'yan masu hali. Clint Dempsey, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka fi ci wa Amurka ƙwallaye, ya tashi ne a gidan talakawa a wani ƙaramin gari na Texas, yana buga ƙwallo da 'ya'yan 'yan ci-rani. Tafiyar kusan awa uku iyayensa ke yi da shi zuwa Dallas don atisaye, har aka kai lokacin da ya dakata saboda aljihun gidan ya gaza. Shi ya samu ya tsallake. Nawa ne irinsa da ba a taɓa jin sunansu ba? Da Trinidad da Tobago ta doke Amurka a Oktoban 2017 ta hana ta zuwa gasar cin kofin duniya ta 2018, wannan tambaya ce ta fi tashi a bakin masu sharhinsu. Ƙungiyoyin MLS sun buɗe makarantun horarwa da mafi yawansu ba a biya, kuma abin a yaba ne, amma ƙasar faɗi gare ta, makarantun kuwa ba su kai ko'ina ba.

Haka tsarin gasar kansa na 'yan kasuwa ne. Babu faɗawa ajin gajiyayyu, babu hawowa daga ƙasa. Da kuɗi ake sayen gurbi, kuma na San Diego ya kai dala miliyan 500. Mai ƙungiya a Amurka yana ganin yana da ikon ɗauke ta daga gari ya kai wani, kamar yadda ɗan kasuwa ke sauya rumfa.

A nan ne zan cika alkawarin komawa Columbus. A watan Oktoban 2017 mai ƙungiyar Columbus Crew, Anthony Precourt, ya sanar cewa yana shirin mayar da ita birnin Austin na Texas. A wasu wasannin Amurka an sha yin haka, a yi kuka kwana biyu a share hawaye. Mutanen Columbus suka ce ba su yarda ba. Suka yi gangami a gaban majalisar gari, suka manna takardu masu launin rawaya da baƙi a shaguna da tagogin gidaje, suka bi 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya suna neman goyon baya, dubbai suka sa hannu cewa za su sayi tikitin kaka guda in ƙungiyar ta zauna. Magoya bayan ƙungiyoyin hamayya ma suka riƙa ɗaga kyallayen mara musu baya a nasu filayen. Aka tono wata dokar jihar Ohio ta 1996, wadda ta ce ƙungiyar da ta ci moriyar kuɗin haraji ba za ta tashi ba sai ta ba da sanarwar wata shida, ta kuma ba 'yan gari damar saye. Gwamnatin jiha da ta birni suka shigar da ƙara a kanta. Kafin 2018 ta ƙare, wasu masu zuba jari na jihar suka amince su karɓi ƙungiyar, aka ba Precourt sabon gurbi a Austin, Crew ta zauna a gidanta.

A watan Disambar 2020, ana tsakiyar annobar korona, Columbus ta lallasa Seattle da ci uku da nema a wasan ƙarshe, a wancan tsohon fili na 1999, gaban 'yan kallo ƙalilan da dokar lafiya ta bari suka shiga. Kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin a daren nan shi ne Jonathan Mensah, ɗan ƙasar Ghana.