Daga Filin Jirgin Abuja Zuwa Rigasa: Dogo Ya Haɗu, Jadawali Bai Haɗu Ba

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, alhali Kaduna ya nufa, yana da layin dogo da zai iya kai shi har Rigasa ba tare da ya hau kwalta ba. Tashar jirgin ƙasa na cikin birni tana manne da filin. Daga nan zuwa Idu tasha ɗaya ce a tsakani, wato Bassanjiwa. A Idu kuma babban jirgin Kaduna yake tashi, ya ci kilomita 186 cikin sa'o'i biyu da ɗoriya. Haka abin yake a taswira. Amma duk jami'in da aikinsa ya haɗa da tarbar baƙi ya san abin da ake yi a zahiri: a tura direba, a cika tanki, a bi shi da addu'a.

Ba ƙaramar dukiya aka binne a wannan hanya ba. A watan Yulin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, a watan Yulin 2018 kuma ya buɗe na cikin birni. Kowannensu ya ci sama da dala miliyan 800, kuma a cikin kowanne akwai bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, bashin da ƙasa za ta biya ko an hau jirgin ko ba a hau ba. A ƙarshen shekarar 2018 aka buɗe sabon ginin saukar baƙi daga ƙasashen waje, ana ta alfahari da cewa shi ne filin jirgi na farko a ƙasar nan da aka haɗa da dogo. Aikin da yake da wuya, na fasa dutse da shimfiɗa ƙarfe, an gama shi tuntuni. Wanda ya saura aikin takarda ne da biro, kuma shi ne ya gagara.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tafiya ce guda, iyayen gidanta uku. Filin jirgin yana hannun hukumar FAAN, ƙarƙashin Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama. Jirgin cikin birni na Hukumar Birnin Tarayya ne. Na Kaduna kuwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri. Kowace hukuma da kasafinta, da ministanta, da ranar bikinta. Kowace tana iya rantsuwa cewa ta sauke nauyin da ke kanta, kuma ba za a kama ta da ƙarya ba, domin babu wadda aka ɗora wa alhakin mutumin da ke tsaye a Idu da akwatuna biyu, ya sauka daga jirgin wannan, yana neman na waccan. Shi ne tukunyar da masu dafa ta suka yi yawa, kowa yana zaton ɗan uwansa ya sa gishiri.

A jadawali ne ɓarakar ta fi fitowa. Jirgin cikin birni ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, ya shafe shekara huɗu yana kwance, sai ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, aka kuma yafe wa jama'a kuɗin hawa. An dawo da shi da tafiye-tafiye ƙalilan a yini, waɗanda aka auna da ma'aikacin da ke zuwa ofis da safe ya koma gida da yamma. Wannan ba laifi ba ne, ma'aikaci ma yana da haƙƙi. Sai dai jirgin sama ba ya bin agogon sakatariya. Wanda ya taso daga Landan da asuba yake sauka, wasu da dama daga Turai da Gabas ta Tsakiya sai da yamma ko cikin dare. Kafin mutum ya fito daga hannun jami'an shige da fice, ya jira kayansa, ya wuce kwastan, sa'a guda ta tafi. Idan ya fito bai tarar da abin da zai gaya masa ƙarfe nawa jirgin Idu zai tashi ba, kuma ko zai riski na Kaduna, to direban tasi na farko da ya yi masa sallama shi ne ya ci kasuwa. Wanda ya ɗauki tasi zuwa Idu kuwa, sau da yawa tun a mota yake fara tunanin ko ya zarce da ita kawai.

Hukumar jiragen ƙasa tana da uzurin da ba za a yi watsi da shi ba. Jirgin da 'yan bindiga suka tare ranar 28 ga Maris na 2022 na yamma ne. An kashe mutane, an sace fiye da sittin, ba a sako na ƙarshe ba sai cikin Oktoba. Da aka dawo da zirga-zirga ranar 5 ga Disamban shekarar, an rage yawan tafiya, an daina ta dare, an kuma sa lambar shaidar ɗan ƙasa cikin sharuɗɗan sayen tikiti. A watan Agustan 2025 kuma jirgi ya goce daga layinsa a kusa da Asham, aka sake tsayawa. Babu mai hankalin da zai nemi a tura taragu cikin daji da duhu domin jin daɗin wanda ya sauko daga Istanbul. Amma wannan uzuri da kansa hujja ce a kan hukumomin. Inda jirgi yake tashi kowane rabin sa'a, wanda ya rasa ɗaya ya jira na gaba. Inda tafiyar ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, rasa ɗaya na nufin kwana a otal ko shiga hanyar da aka shafe shekaru ana gyaranta. Ƙarancin jiragen shi ya wajabta a daidaita lokutansu da kyau.

Kuma an taɓa yi. A ranar 8 ga Maris na 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkata komai zuwa Kaduna. Yawancin kamfanonin waje sun ƙi zuwa, na Habasha ne ya amsa. A waɗannan makonni gwamnati ta tanadi motocin safa da rakiyar jami'an tsaro, jirgin ƙasa ma ya ɗauki kasonsa, aka riƙa sada fasinjan sama da babban birni kamar tafiyar guda ce. Aka gama aikin, aka buɗe filin kafin cikar wa'adi. Abubuwa biyu ne suka sa ya yiwu. A lokacin sufurin sama da na dogo suna ƙarƙashin ma'aikata ɗaya, sai a 2019 aka raba su. Na biyu, wanda ya fi zafi, shi ne waɗanda abin ya shafa su ne ministoci da 'yan majalisa da jakadu. Da tafiyar ta koma ta ɗalibin da ya dawo hutu, da ɗan kasuwar da ya taso daga Guangzhou, da majinyacin da aka sallamo daga asibitin Alƙahira, sai himmar ta yi sanyi.

Ba sai an je Jamus neman misali ba. Duk wanda ya yi Umara a 'yan shekarun nan ya ga jirgin Haramaini, wanda ya fara ɗaukar jama'a a 2018. Mutum ya sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ya tura kayansa zuwa tasha a cikin ginin, bayan kimanin sa'o'i biyu yana Madina. A Maroko ma tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin Muhammad na Biyar a Kasabalanka, daga can a sauya a cikin birni zuwa Rabat ko Tanja. Za a ce waɗannan ƙasashe sun fi kuɗi ko sun fi zaman lafiya, kuma gaskiya ne. To amma abin da matafiyi yake yabawa a can ba gudun jirgin kaɗai ba ne. Tun yana gida ya san lokacin tashi, ya sayi kujerarsa, ya sauka ya tarar da alamu suna ja masa gora. Allon sanarwa da kibiyar nuna hanya ba su buƙatar bashin ƙasar Sin.

Abin da ake nema a Abuja bai wuce haka ba. A tsayar da ƙa'ida cewa kowane jirgin Kaduna da zai tashi daga Idu, akwai na cikin birni da ya baro filin jirgi ya iso kafinsa da tazarar da za ta ishi tsoho mai kaya ya sauya, haka nan a dawowa. A liƙa wannan jadawali guda a inda ake ɗaukar kaya, da Turanci da Hausa, a kuma sa shi a intanet. Sai batun tikiti, wanda shi ne ya fi cin rai. Tun a Janairun 2021 aka koma sayar da shi ta intanet domin a kashe kasuwar bayan fage, amma koke-koken cewa kujeru suna ƙarewa da wuri, sannan su ɓullo a hannun wasu da ƙarin kuɗi, ba su daina fitowa a jaridu ba. Baƙon da ya sauka da layin wayar wata ƙasa da katin bankin waje ba shi da ƙarfin shiga wannan kokawa. A ware 'yan kujeru a kowace tafiya, a sayar da su a tebur guda cikin filin jirgin ga wanda ya nuna fasfo da shaidar saukarsa ta ranar. Idan lokaci ya ƙure ba a saye su ba, a mayar da su kasuwa.

Wannan ba ya buƙatar dokar majalisa. Yarjejeniya ce tsakanin hukumomi uku, irin wadda mataimakin darakta yake rubuta daftarinta, hadimin minista ya tabbatar ta hau tebur a ranar da ta dace. Su ne kuma suka fi kowa sanin abin da rashinta yake ci. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kowace motar ofis da aka tura Kaduna da baƙo ɗaya tana cin mai, da alawus ɗin direba, wani lokaci da na ɗan sanda, sannan ta dawo babu kowa a ciki. Takardun biyan waɗannan kuɗaɗe ta hannunsu suke bi.

Ana kan shimfiɗa layin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a Yulin 2021, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi. Ranar da aka kammala su, mutanen Zariya da Kano da Katsina za su shiga sahun masu sauya jirgi a Idu, kuma jadawalin da za su tarar shi ne wanda hukumomin nan uku suka zauna suka tsara, ko suka ƙi zama.